Ofishin bin sawun haƙƙin tsofaffin sojoji a Legas: abin da na biya da abin da na samu

A gidanmu da ke Agege akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda tsatsa ta ci kusurwoyinta, kuma Gwaggo ce take ajiye da ita a ƙarƙashin gado tun rasuwar mahaifinta, wato kakana. A ciki akwai littafin sallamarsa daga aikin soja, da lambobin yabo uku da ƙyallensu ya koɗe, da wasiƙu huɗu na ajami waɗanda ya aiko wa kakata daga Indiya. Tare da adakar muka gaji wata magana da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma babu yaron da ya tashi a gidan bai haddace ta ba, cewa Bature ya koma ƙasarsu da kuɗin Baba a aljihu. Nawa ne kuɗin, na mene ne, wa ya riƙe su, babu wanda ya taɓa iya faɗa, domin mai haƙƙin ya rasu ina ƙarami, kuma kamar yawancin waɗanda suka je yaƙin Bama, bai cika son a tayar masa da zancen ba. Da Gwaggo ta fara cewa ba ta son ta koma ga Allah ba ta san gaskiyar maganar ba, sai na ɗauki adakar na kai ta wani ƙaramin ofishi a Tsibirin Legas, wanda sana'arsa ita ce bin sawun takardun tsofaffin ma'aikata da sojoji da rubuta wa iyalansu takardun koke. Wata takwas muka yi muna hulɗa, na kashe naira dubu 185, kuma na ga ya dace in bayyana yadda na same su, domin na san a Obalende da Idi-Araba da Agege da Mile 12 akwai gidaje da yawa masu irin wannan adaka.

Ofishin ɗaki biyu ne a hawa na biyu na wani tsohon gini, a wani lungu tsakanin Obalende da unguwar kotuna ta Igbosere. Mutum uku ne suke aiki a ciki: mai ofishin, wani dattijo Bayarabe da ya yi ritaya daga aikin ajiyar takardun gwamnati, wanda yake jin Hausa irin ta bariki saboda a Kaduna ya tashi, sai wata matashiya mai kula da kwamfuta, sai kuma wani saurayi da ake aikawa Ibadan. Ranar da na fara zuwa, kafin in buɗe adakar sai da dattijon ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya kashe fanka, sannan ya karɓi littafin sallamar da hannu biyu yana buɗe shafukan da bakin wata siririyar rula, saboda sun manne da juna. Na ce masa ina da niyyar in kai a yi wa littafin laminatin don kada ya ƙarasa lalacewa, sai ya ɗago kai da sauri ya ce, “Alhaji, kada ka kuskura, zafin injin zai cinye tawadar, kuma in an rufe shi ba ya sake buɗuwa.” Bayan ya gama dubawa ya rufe littafin ya yi mini tambayar da ta sa na amince da shi. Ya ce, “Alhaji, kafin ka ba mu ko kwabo, kuɗi kuke nema ko labari? In kuɗi ne, riƙe abinka, ba za mu yaudare ka ba. In labari ne da takardar shaida, sai mu zauna.” Na faɗa masa gaskiya cewa a gida kuɗi ake sa rai, ya ce to in koma in shaida wa Gwaggo abin da ya ce kafin in dawo. Na koma na faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce a je a yi.

Kuɗinsu a rarrabe yake, kuma an ba ni shi a rubuce tun ranar farko: dubu 25 na buɗe fayil da karanta takardun da aka kawo, dubu 100 na bincike a Ibadan, dubu 40 na rubuta rahoto da wasiƙun koke, dubu 20 na kwafi da aikawa. Ba su ƙara mini ko sisi a kan wannan ba har aka gama, abin da duk mazaunin Legas ya san ba kasafai yake faruwa ba.

Aikin dubu 25 ɗin nan na farko shi ne ya fi kowane biyan bukata. A zama ɗaya dattijon ya fitar mini da abin da littafin yake ɗauke da shi shekara da shekaru ba wanda ya iya karantawa a gidanmu, ba don rashin masu boko ba, sai don taƙaitattun haruffan soja da rubutun akawu mai kama da tafiyar tsutsa. An ɗauki kakana a Kano a watan Fabrairu na 1943, an sallame shi a Legas a watan Mayu na 1946, wata 40 ke nan, kuma har ya fita bai wuce farabiti ba, wato ƙaramin soja mara igiya. Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ita da Runduna ta 81 suka yi yaƙi da Japan a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, ba Bama ta Barno ba kamar yadda wani ƙanena ya daɗe yana zato. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung na yankin Arakan a watan Janairu na 1945. Da ya ambaci waɗannan sunaye sai na ji kunyar kaina, domin na fi shekara 30 ina wuce barikin Myohaung a Yaba da barikin Arakan a Apapa cikin danfo ban taɓa sanin sunayen wuraren da kakana ya taka da ƙafarsa ba ne. Barikin Dodan ma da ke nan kusa da ofishin, wanda na ɗauka daga kalmar dodo aka samo sunansa, ashe sunan wani fagen daga ne a can Bama.

Rahoton da suka rubuta ya fara da tarihin zaman sojojin Hausa a Legas, kuma wannan sashe ya yi kyau, domin ya nuna cewa kakana ba shi ne farau ba. Ingila ta karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu a 1861, kuma a 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna John Glover ya haɗa wata 'yar ƙaramar rundunar Hausawa, yawancinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, wadda daga gare ta ne sojan Nijeriya na yau yake lissafin asalinsa. Da su aka je yaƙin Asante, a ƙasar Gana ta yau, a 1873 zuwa 1874, da su aka ci Ijebu a 1892, kuma bayan Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897 Hausa ta zama harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Irin waɗannan sojoji idan an sallame su da yawa ba sa komawa Arewa, wasu don ba su da gidan komawa, wasu don zaman bariki ya riga ya raba su da zaman ƙauye, sai su kafa bukkoki a gindin bariki su auri matan gari ko su aika a kawo musu nasu. Obalende da irin wannan zama ta cika, kuma Yarbawa suna fassara sunan da cewa sarki ne ya koro ni nan, saboda labarin da ake bayarwa na tayar da sojojin daga wani fili zuwa wurin. Amma akwai dalilin zama guda ɗaya da rahoton bai faɗa ba, wanda ni na gano daga baya da takardun suka haɗu: ofishin biya a Legas yake, kuma wanda yake bin gwamnati bashi ba ya son ya yi nisa da ƙofar da ake ce masa ya dawo mako mai zuwa. Kakana ya sauka daga jirgin ruwa da niyyar ya jira mako biyu ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Jiran ne ya zama gadin wani kamfani a Apapa, ya zama ɗakin haya a Obalende, ya zama aika wa kakata kuɗin jirgi ta taho, daga baya ya zama cinikin goro a Agege, inda aka haifi mahaifina, inda kuma aka binne shi kakan nawa.

Inda na fi ganin ƙwarewar dattijon shi ne yadda ya warware maganar kuɗin Baba, wadda mu muke ɗauka dunƙule guda, ya raba ta gida uku. Na farko shi ne ajiyar albashi, wato kason da ake riƙe wa soja yana bakin daga a ba shi ranar sallama. Wannan littafin ya nuna an biya, ga hatimi ga dangwalen yatsan kakana, saboda haka babu sauran magana a kansa. Na biyu shi ne kuɗin sallama na yaƙi, wanda shi ma an biya, amma a kan ma'aunin launin fata. A 2019 'yan jarida sun tono wata takardar gwamnatin Birtaniya ta 1945 wadda ta nuna cewa farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi a aiki, shi kuwa farabiti baƙar fata ɗan Afirka sule uku da sisi. Dattijon ya ɗauki biro ya yi mini lissafin a gabana bisa wannan ma'auni: wata 40 sau sule uku da sisi ya ba da sule 140, wato fam 7, alhali Bature mai muƙami ɗaya da shi, wanda suka sha ruwan sama ɗaya da zazzaɓi ɗaya a daji ɗaya, zai tashi da fam 20. Bambancin fam 13 ne. Wannan zalunci ne a fili, in ji shi, amma ba bashi ba ne a dokarsu, domin abin da suka rubuta za su bayar shi suka bayar. Fansho kuwa babu, tun da wanda aka ɗauka don yaƙi kawai aka sallame shi da lafiyarsa bai cika shekarun da ake bukata ba. Na uku shi ne kuɗin iyali, wanda ake yanka daga albashin soja a aika wa matarsa a gida ta hannun wani ofishin biya na garinsu, kuma a nan ne ya ce yana jin ƙanshin bashi na gaske, domin littafin ya nuna ana yankan kuɗin kowane wata ba fashi.

Daga nan ya ƙara wani lissafi da ya sanyaya mini jiki. Da aka canja kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ɗaya ya koma kwabo goma. Fam 13 ɗin da aka tauye wa kakana, in aka bi lambar da ke kan takarda, naira 26 ce, wadda yau ba ta sayen ledar ruwa a tashar Obalende. A lokacinsa kuwa kuɗi ne da mutum zai ja jari da su. Ya ce ya fi son in ji wannan daga bakinsa tun da wuri, da in ji shi daga bakin wani akawu bayan na kashe kuɗin mota zuwa Abuja.

Binciken Ibadan shi ne mafi tsada kuma mafi jinkiri. Takardun gwamnatin mulkin mallaka da suka shafi Legas suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke cikin harabar Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1954, kuma tana da 'yan'uwa a Kaduna da Inugu. Saurayin ofishin ya je sau biyu. Tafiyar farko ta tashi a tutar babu, kuma sun faɗa mini haka ba tare da kwana-kwana ba. A ta biyu ya dawo da kwafin wata takardar koke mai shafi uku, wadda wasu tsofaffin sojoji mazauna Legas suka sa wani marubucin wasiƙu ya buga musu da tafireta, suna roƙon gwamnati ta biya su kuɗin iyali da aka yanke musu amma bai isa ga matansu ba. Turancin takardar cike yake da ladabin nan na masu roƙo, suna kiran kansu bayi masu biyayya, suna tunatar da gwamnati cewa sun amsa kiranta ba tare da gardama ba. A shafi na ƙarshe an jera sunaye da lambobin soja da jimlar da kowa yake bi, kuma a gaban kowane suna akwai dangwalen babban yatsa, sai mutum biyu da suka sa hannu da ajami. Na bi layin da yatsana har na kai na tara, sai ga sunan kakana, an rubuta shi a karkace yadda kunnen marubucin ya ji, amma lambar soja ta yi daidai da ta littafin sallama harafi da harafi. Abin da yake bi fam 4 da sule 4 ne, wato sule 12 na wata bakwai. A gefen shafin farko wani jami'i ya rubuta da jan biro cewa a miƙa wa ofishin da abin ya shafa, kuma a nan fayil ɗin ya ƙare. Dubu 100 kuɗi ne masu yawa a wurina, amma wannan shafi ɗaya ya fanshe su, domin shi ne karo na farko da maganar gidanmu ta tashi daga ji-ta-ji-ta ta koma lamba da hatimi.

Game da wanda za a bi bashin, bayaninsu a taƙaice yake kuma bai ba da wata fata ba. Ragamar sojan Nijeriya ta bar hannun ma'aikatar yaƙi ta Ingila ta dawo hannun gwamnatin Nijeriya a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai, saboda haka mai koke yana tsakanin gwamnati biyu, kowace tana iya nuna masa ƙofar ɗaya. Kotu kuma ba hanya ba ce, domin bashi irin na yarjejeniya wa'adin shekara 6 doka ta ba shi a Legas, wannan kuwa ya doshi shekara 80. Sun kuma gaya mini cewa su ba lauyoyi ba ne, in ina son ra'ayin lauya in nema da kaina. Akwai tallafin da wata ƙungiyar agaji ta Landan take bayarwa ga waɗanda suka yi wa Ingila aikin soja kafin 'yancin kai, da matan da suka rasu suka bari, amma Gwaggo 'ya ce, ba matar mamaci ba, don haka bai shafe mu ba. Duk da haka sun rubuta wasiƙu uku masu tsabta, biyu zuwa ofisoshi a nan gida, ɗaya zuwa Ingila, kowace da kwafin shaidu a liƙe, kuma sun ba ni shawarar in kai kwafi reshen Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964, don a san da zaman fayil ɗin.

Yanzu sai aibobinsu, kuma ba kaɗan ba ne. Rahoton shafi 19 ne, amma shida daga ciki labarin wasu ƙasashe ne da na tabbata ana liƙa wa kowane abokin hulɗa don takardar ta yi kauri. Labaran gaskiya ne kuma masu nauyi: yadda a ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta a sansanin Tiyaroye kusa da Dakar saboda sun nemi albashinsu da aka riƙe, inda hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi kuwa suke cewa adadin ya fi haka nesa ba kusa ba, har sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne, da yadda a ranar 28 ga Fabrairu 1948 wani jami'in 'yan sanda Bature ya harbe tsofaffin sojoji uku a Akra, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai wa gwamna takardar koke, abin da ya tayar da tarzomar da ta gaggauta 'yancin Gana. Sanin wannan yana da amfani, ko ba komai yana nuna irin kasadar da masu dangwala yatsa a takardar koke suke ɗauka a wancan zamani. Amma sakin layi biyu ya isa, kuma ni ba kuɗin darasin tarihin Senigal na biya ba.

Babban aibin shi ne Hausarsu. Na roƙi a yi wa Gwaggo rahoton da Hausa, suka amsa, amma abin da aka ba ni inji ne ya fassara shi kuma ba wanda ya duba. Muƙamin farabiti ya koma sojan sirri, har Gwaggo ta fara tambaya ko leƙen asiri Baba yake yi wa Turawa, sallama daga aiki kuma ta koma fitar ruwa daga jiki. Dole na zauna dare biyu na sake fassara shi da kaina. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da suka yi da wasiƙun ajami. Babu mai karanta ajami a cikinsu, kuma maimakon su ce ba su iya ba, sai suka rubuta a rahoto cewa takardu huɗu ne na addu'o'i da Larabci. Ban gamsu ba, na kai su wurin wani malami dattijo a masallacin unguwarmu, ya sa tabarau ya karanta mini su tiryan-tiryan. Hausa ce tsantsa. A wasiƙa ta uku, bayan gaisuwa ga iyaye da tambayar damina, kakana yana cewa ya sami labari kuɗi sun daina zuwa tun bayan babbar salla, ya yi wa hafsansu magana an ce za a duba, ta yi haƙuri ta ci bashin hatsi wurin yayansa kafin ya dawo. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a duk fayil ɗin, daga bakin mai haƙƙi a lokacin da abin yake faruwa, kuma saura kaɗan a binne ta da sunan addu'a. Da na koma na nuna wa dattijon, bai yi musu ba, ya ce, “Alhaji, wannan laifinmu ne,” ya gyara rahoton da wasiƙun koken ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na yaba da hakan, amma ofishin da yake gab da Obalende, wanda rabin masu zuwa wurinsa jikokin sojojin Hausa ne, bai kamata ya rasa malamin ajami da zai riƙa kira ba, alhali ga masallatai kewaye da shi.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna ci wa mutum rai. An ce mini wata uku, aka yi takwas, kuma a tsakani ba sa kira sai in kai ka kira. Ban sami rasit na tafiyar Ibadan ba sai da na nema sau uku, kuma wanda aka ba ni jimla ce kawai ba a fayyace kuɗin mota da na kwafi da na masauki ba. Matakalar ginin a tsaye take kuma babu haske, don haka Gwaggo, wadda don ita aka yi aikin, ba ta taɓa iya hawa ba, kuma ba su da tsarin zuwa gida su ɗauki bayani daga bakin tsofaffi, waɗanda su ne suka san laƙabin mamaci da sunan garinsu da abokan tafiyarsa.

Duk da haka, in aka auna su da abin da ke yawo a gari, tazarar tana da yawa. Kusan duk bayan 'yan shekaru sai wasu sun ɓullo a unguwannin Hausawa da fom a hannu, suna cewa Ingila ta saki kuɗin Bama, kowane gida zai sami miliyoyi, a kawo kuɗin rajista da hoto da lambar asusun banki. Mahaifina ya taɓa biya sau biyu a rayuwarsa, kuma wani maƙwabcinmu ya ba su ainihin littafin sallamar mahaifinsa, bai sake ganinsa ba. Wannan ofishi bai taɓa riƙe mini takarda ta asali ko ta kwana ɗaya ba, a gabana suke ɗaukar hotonta su miƙo mini abina, kuma bai nemi kaso daga kuɗin da za a samu ba, tun da ya riga ya ce kada a sa rai da su.

Wanda tsohonsa yake raye, ko matar tsohon take raye, shi ya fi cancanta ya je da gaggawa, domin a nan ne kawai akwai tallafin da za a iya nema. Wanda yake da littafin sallama ko lambar soja zai ci moriyar zaman farko na dubu 25, kuma ina ba shi shawara ya tsaya a nan ya yi tunani kafin ya biya na Ibadan, domin sa'a ce ta sa sunan kakana ya fito, kuma su da kansu sun ce sau da yawa ana dawowa hannu rabbana. Wanda ba shi da lamba, sai suna kawai irin su Musa Kano ko Garba Sakkwato, waɗanda akawun soja suke laƙaba wa kurata da sunan garin da aka ɗauke su, gara ya riƙe kuɗinsa, domin masu irin sunan a rundunar ba su ƙirguwa. Duk wata takardar ajami kuma a fara kai ta wurin malami a rubuto abin da ta ƙunsa da boko kafin a hau matakalar.

Daga wasiƙu ukun da aka aika, ɗaya ce aka amsa, ita ma layi biyu ne na cewa an karɓa. Ofishin ya ce zai sake aika sauran biyun kafin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu, lokacin da ake ɗan waiwayar irin waɗannan takardu. Ranar da na karanta wa Gwaggo fassarata, ta sa na maimaita mata jimlar sau biyu, fam huɗu da sule huɗu, sannan ta karɓi shafin sunayen ta kai shi kusa da fitila tana neman layi na tara. Idonta bai iya rarrabe dangwalen mahaifinta da na sauran ba, saboda kwafin ƙarami ne kuma ya yi duhu, sai ta ce in tambaye su ko za a iya faɗaɗa mata shi. Na kira matashiyar mai kwamfuta, ta ce naira 1,500 ne, in zo ranar Litinin bayan azahar in akwai wuta.